Fitilar Birki Ba Ta Sallama

Fitilar birki idan za ta mutu ba ta sallama, kuma mai motar ne na ƙarshen samun labari. Galibi ɗan adaidaita sahu ke kawo sanarwar, da goshin kekensa.

A yawancin tsofaffin motoci, ƙwan zare biyu gare shi: na wat 5 yana ci da dare, na wat 21 sai an taka birki. Ƙaramin na nan yana haske, babban ya ƙone tuntuni, kai kuwa kana ta taƙama. Sa yaro ya taka, ka zagaya ka leƙa. In hagu da dama duk sun yi shiru, ƙyale ƙwai, duba fiyus da makunnin da ke saman abin taka birki.

Malam, kuɗin ƙwan bai kai tarar jami'an kiyaye haɗurra ba. Canza shi yau.