Baƙin Adar Kala-Kala

Madawa da Buza da Keita ba su da gandun daji mai ƙofa da tikiti, amma duwatsun Adar da kwarin Majiya ba sa rasa baƙi, kuma kowane yanayi da irin baƙon da yake jawowa.

Na bazara ƙwararre ne daga Yamai. Yakan sauka a watan Afrilu da kwat da laktaye, zafi ya haura digiri 40, yana cewa shi rana ba ta dame shi ba. Kafin azahar kwat ta koma matashi. Za a tarar da shi a miƙe ƙarƙashin layin dogon yaro da aka fara dasawa a Majiya a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don kare gonaki daga iska. Ya zo auna amfanin itatuwan, ga shi yana aunawa da bayansa.

Na hunturu ya ji an ce hamada, sai ya taho a Janairu da 'yar shara. Da asuba haƙora na kaɗawa, leɓe ya tsage, yana cigiyar man kaɗe da aron bargo. Hotunan da ya ɗauka kuwa, hazo ya cinye duwatsun, sai ka ce bangon da aka shafa wa farar ƙasa.

Sai mai kat-kat na watan Agusta, wanda ya fi yarda da motarsa a kan maganar dattawa. Ana ce masa, "Alhaji, a dakata, an yi ruwa a kan tudu." Ya ɗaga kai, sama garau, ya taka. Yana isa ƙorama ya tarar ta cika ta batse, ta taho da ruwan wani gari. Nan zai yini a gaɓa tare da mai jaki, wanda ko a jikinsa, don shi ya taho da gorar furarsa.

Akwai kuma mai tausayin baki. An ba shi labarin aikin Keita na 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, yadda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera katangun tare ruwa, ana biyansu da abinci. Ya ce bari ya gwada guda. Taku uku ya dire, yana riƙe da ƙugu, tsofaffi na yi masa sannu suna ƙunshe dariya cikin mayafi.

Gwaninsu duka shi ne wanda bai taɓa barin kwalta ba. Ya tsaya tashar Madawa, ya sayi kilishi da tabarma da buhun albasa, ya koma gida yana ba da labarin Adar kamar a can aka yanke masa cibiya.

Mai niyyar zuwa dai ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya riƙo rawani da rigar sanyi da ruwan sha, idan kuma mutanen gari suka ce a dakata, ya dakata.