Masu Fatsa da Ƙulle-ƙullensu a Ƙasar Dogarawa

Wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni zai nufi Madawa, ya wuce Malbaza da kamfanin siminti, ya shiga ƙasar Dogarawa, albasa ce za ta fara cika masa hanci, don Galmi a nan take. Kifi ba zai zo masa a rai ba. Amma ruwan da ke shayar da albasar, wanda aka tare a barajin Gidan Magaji, da na Mozage da Zango masu ba gonakin Ƙonni ruwa a kwarin Magiya, da tafkunan da damina ke bari, akwai tarwaɗa da karfasa a cikinsu, akwai gaiwa kwance a laka. Inda kuwa masu fatsa biyu suka zauna, gardama uku ce za ta tashi, kuma mafi tsawonta a kan ƙulli ce: yadda ake ɗaure ƙugiya, da irin guntun zaren da ya dace a sa tsakaninta da uwar igiya.

Wanda ya ƙara wa gardamar nan wuta shi ne ɗan bida. Ya dawo daga Abijan ko Kwatano da agogo, da tabarau, da wani ɗan kewayayyen zare cikin leda da ba ya yarda kowa ya taɓa. Sunan zaren fuluworokabon, kuma sai ya gyara zama kafin ya faɗa. Wa'azinsa ɗaya ne: kifi ba ya ganin wannan zare. Ba ƙarya ya shara ba. Kamfanin Kureha na ƙasar Japan ne ya fara fito da irinsa a 1971 da sunan Seaguar, kuma a ma'aunin karyewar haske ruwa yana kan 1.33, wannan zare yana wajen 1.42, nailan kuwa ya haura 1.5. Wato ya fi nailan sajewa da ruwa. Abin da ɗan bida ya manta shi ne irin ruwan garinsu. Bayan damina ka tsoma hannu a baraji zuwa wuyan hannu, ba za ka ga farcenka ba. Ita kuma tarwaɗa, da 'yan mitsi-mitsin idanunta, da gashin baki da ƙanshi take kiwo, galibi ma da dare. An ce kifi na ganinka mai jar koma, to tarwaɗar Magiya ko mai komar ba ta gani, balle zarensa. Zaren yana da amfani na gaskiya a nan: ya fi ruwa nauyi sosai, saboda haka yana nitsewa da kansa, ba ya shan ruwa, rana ba ta saurin cinye shi, kuma yana jure gugar kututturen gabaruwa da ruwa ya shanye. Ɗan bida ba ya kawo waɗannan a bakinsa, don ba su da daɗin faɗa a fada. Ranar farko da ya jefa, ƙullin ya zame, ƙugiya ta tafi da tana da komai, don zaren yana da tauri da santsi, ba ya kwanciya yadda nailan ke kwanciya. Sai ya ce kifin ne ya yi girma da yawa.

Can gefe, a inuwa, tsoho mai ƙulli ɗaya yana kallonsa yana taunar goro. Shi ƙulli guda ya sani, a wurin mahaifinsa ya koya, mahaifin kuma ya ce wani Basarke daga wajen Argungu ya koya masa. Ba shi da suna, ba a kuma nuna wa baƙo. Yana naɗa zaren a jikin ƙugiya sau adadin da shi kaɗai ya sani, ya juya baya, ya motsa leɓe, ya tofa masa yawu ja wur, sannan ya ja a hankali da haƙori. Yara sun tabbata asirin a tofin yake. Ni ma na yarda a tofin yake, sai dai ko bai karanta komai ba zai ci. Idan aka ja ƙulli a bushe, zaren na gugar kansa ya yi zafi ya raunana, kuma fuluworokabon ya fi nailan jin wannan ciwo. Duk mai koyar da fatsa a Amurka ko Japan zai ce ka jiƙa ƙulli, ka ja shi sannu a hankali. Tsohon nan ya riga su, ya kuma haɗa da addu'a. In ɗan bida ya matso da lissafinsa na haske, amsar ba ta canzawa: "Ɗana, kihi bai yi lakwal ba." Amma ka lura da kyau. Idan wani ya ba shi kamu ɗaya na sabon zaren, zai karɓa yana tsaki, ya ƙara naɗi biyu a kan na gado, ya ƙyasta ashana ya ɗan ƙona bakin zaren ya yi kai don kada ya zame, sannan ya rantse bai canza komai ba.

Akwai mai ƙulli bakwai, wanda bai yarda da kowa ba, har da hannunsa. Ya ƙulla, ya dubi ƙullin, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ɗora wani, ya ƙara wani, har wuyan ƙugiya ya koma kamar carbi. Ka ce masa kowane ƙulli rage ƙarfin zare yake yi, kuma wanda aka ɗora barkatai yanka na ƙarƙashinsa yake, sai ya ce ai shi ya sa ya ƙara na takwas. Irinsa ne ke kulle ɗaki da kwaɗo biyu ya bar taga a buɗe.

Ɗan waya shi ne na fi jin tausayi, don yana da ilimi. Ya saya wa wayarsa kuɗin intanet, ya kwana yana kallon Turawa da Japanawa a YouTube, ya haddace sunaye: Palomar, Uni, Albright, da wanda yake kira sarkin ƙulli, FG. Yakan iso bakin ruwa da la'asar sakaliya, ya jingina waya da dutse, ya riƙe zare ɗaya da haƙori, ɗaya da babban yatsan ƙafa, ya shiga saƙa. Ya kai naɗi na goma sha biyar sai hoton ya tsaya, layi ya ɗauke. Ya warware, ya sake. Matsalar da bai gano ba ita ce, FG an yi shi ne don haɗa siririn zare saƙaƙƙe da guntun fuluworokabon, saƙaƙƙen ne ke cizon ɗan'uwansa ya riƙe. Shi kuwa nailan ɗin kasuwa ne a hannunsa, santsi kan santsi. Da ya tsaya a Palomar da ya huta: a ninka zare biyu, a zura a idon ƙugiya, a yi ƙulli sako-sako, a zura ƙugiyar cikin madaukin, a jiƙa, a ja, a kula kada zaren biyu su hau kan juna. Makaho ma zai iya. Amma abin da makaho zai iya ba shi da daraja a idon ɗan waya. Ana kiran magariba yake gamawa, ya ɗauki hoton ƙullin ya tura wa abokai, ya tafi gida da tanarsa da rai.

Marowaci ya roƙi kamu ɗaya a wurin ɗan bida, ya yanka shi gida shida, kowane guntu bai kai ɗan yatsa ba. Sauran igiyar kuwa tarkace ce: nailan ɗin bara, zaren da ya zare daga buhun albasa, da na ɗinkin bakin buhun siminti, duk an ƙulla su jere. Kifi ya ja, igiyar ta tsaya shawarar inda za ta tsinke.

Kishiyarsa shi ne mai jiran giwan ruwa. Ya taɓa zuwa Tabalak ya ga wanda aka fito da shi daga tafkin can, tun ranar bai dawo daidai ba. Ya je wurin mai gyaran babur ya karɓo tsohuwar wayar birki, ya warware silinta, ya ɗaura a wuyan ƙugiyar da za ta iya rataye cinyar sa. Hujjarsa ita ce kifi mai haƙori yana datse zare, kuma gaskiya ne, tsage na yi, gaiwa ma in ta samu sarari tana yi. Sai dai tsage kifin manyan koguna ne, yana can kogin Kwara. Karfasar baraji takan zo ta kewaye wannan ƙarfe, ta tsince tanar tsaf, ta bar masa ƙugiyarsa da mutuncinsa.

Duk wannan hayaniya, mai mamari ba ya sa baki. Shi sana'a yake yi, da ita yake ciyar da gida, kuma igiyarsa ɗaya tana ɗauke da ƙugiyoyin da suka fi na sauran duka in an haɗa. Dokarsa ba ta da ado: 'ya'yan zaren da ke rataye da ƙugiya su fi uwar igiya rauni, don in ɗaya ta maƙale a kututture ita kaɗai za ta tafi, ba mamarin duka ba. Ɗan bida ya kawo masa tallar zarensa, ya saurara har ƙarshe, ya tambayi kuɗin, ya dubi tulin ƙugiyoyinsa, ya ce, "Allah shi ba da kasuwa, ƙanena."

Sai manomin albasa da ya zo duba injin ban-ruwa. Bai taɓa kama ko ƙwaɗo ba, amma hannu a baya yake zagayawa yana gyara wa kowa: wannan ya yi gajere, wancan darmarsa ta yi nauyi, a zamanin mulkin Kunce ba haka ake ɗaurawa ba.

Na ƙarshe yana cikin kowannensu, wato mai labarin wanda ya kuɓuce. Kifin kullum ya kai cinya, in an matsa ya kai yaro ɗan shekara biyar. Kada ka yi musu da shi, ka ce kawai ya nuna maka bakin zaren. In ka gan shi a yanke tsaf, haƙori ne, a yi masa jaje. In ya yi kaushi ya kakkarce, kututture ne ko dutse, ƙaddara ce. In kuwa bakin ya nannaɗe ya lanƙwashe, to ba abin da ya tsinke, ƙullin ne ya warware, kuma mutum ɗaya ne ya ɗaura shi. Shi ya sa kafin ya fara buɗe hannuwa yana nuna tsawon kifin, za ka ga ya kai zaren baki ya gatse ƙarshensa ya tofar cikin ruwa.