Ranar da Gwamnati Ta San Na Yi Aure

Wani abokin aikina ne ya jawo mini. Muna shan shayi a inuwar bedi ya ce, "Mushe, kai da ka yi aure, har yanzu lampon tuzuru ake yanke maka?" Ya warware mini cewa harajin albashi, wanda ake rubutawa ITS a takardar biya, tun kafin kuɗi su zo hannu ake cire shi, amma ana yi wa mai iyali sassauci. Mutum ɗaya a wuyanka, ragin kashi 5 cikin 100. Biyu, kashi 10. In sun kai 7, kashi 30. Matar da ba ta ɗaukar albashi tana cikin lissafin.

Da dare na ba amarya labari. Ita ta gaya wa innarta, inna ta gaya wa maƙwabciya. Kafin kasuwar Lahadi ta watse, duk Filinge ta san gwamnati ta ƙara wa Mushe albashi saboda ya yi aure. Mahauci ya fara kirana Alhaji, yana ba ni nama bashi ba tare da na roƙa ba.

Mai lissafin kuɗin wurin aikinmu ko kai bai ɗaga ba. "Ina takardar aure?" Na ce a ƙofar gidan surukina aka ɗaura, an raba goro, an shafa fatiha, rabin Kurfai sun shaida. Ya ce, "Rabin Kurfai ba su shiga dosiye." Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar aure ofishin rajista. Wa'adi ya wuce, saura gaban alƙali, da shaidu.

Shaiduna kuwa kawuna ne da waliyyin amarya, suna wani ƙauye can wajen Tukunus. Kuɗin kabu-kabu zuwa da komawa, ni. Abincin rana, ni. Goro, ni. Kawu ya zo mini da tsarabar cuku, ya koma da shadda.

A gaban alƙali, da aka tambayi ranar ɗaurin aure, kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, bayan an kai hatsi rumbu ne." Waliyyi ya rantse ana tsakiyar maimai. Gardama ta kaure, daga aurena suka gangara kan wata saniya da ta ci gonar wani tun zamanin mulkin Kunce. Magatakarda ya ajiye biro, ya yi tagumi. Sai da aka nemo gwangwanin madara cikin kayan amarya, wanda aka saya na biki, aka kintaci watan daga jikinsa.

Takarda ta fito, na yi hamdala. Ashe harafi ɗaya a sunan amarya ya saɓa da na takardar haihuwarta. A idon hukuma, wata mata ce daban na aura. Da na faɗa mata, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To Malam, sai ka kai ni mu gaisa da uwargidan." Aka sake sayen tamburi, aka gyara, dosiye ya hau mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 180.

Ran da sabon albashi ya sauka, na ƙirga, na tofa yawu a yatsa na sake ƙirgawa. Ƙarin bai cika jika ɗaya ba, don a lissafin haraji ake ragin, ba a kan albashi ake ɗorawa ba. Amarya ta karɓe ta ƙulle a bakin zane: "Ai albarkacina aka bayar." Suruka ta aiko yaro karɓar tukuici. Mahauci ya koma kirana Mushe, da littafin bashi a hannu.

Makon jiya kawu ya aiko da saƙo. Wai yanzu ya tuna ranar daidai, in ana bukatar shaida a shirye yake, sai dai in sani kuɗin kabu-kabu ya tashi.