Turanci Ma Ya Ɗauki Tsintsiya

A Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa inda Fantswam da Bajju da Atyap da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, Turanci baƙo ne, kuma baƙon da ya daɗe a gida dole ya ɗauki tsintsiya. Don haka ƙirƙiro masa sababbin kalmomi don nishaɗi ba laifi ba ne. Malamai za su ce ɓarna ce, ana karya wa Bature harshe. To, ai a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya karɓi "next tomorrow", wato jibi, da "okada" da "Kannywood". Sai dai a yi hattara: mai duba jarrabawar WAEC bai damu da Oxford ba, jan bironsa kuma ba ya jin barkwanci.