Agogon Bazazzage

Bawana Bazazzage, labari ya iso Kano tun fentin bai bushe ba. An ce ka rataya allo a ƙofar shagonka na PZ, wai daga yau da awa za a riƙa biyan kuɗin gyaran kwamfuta. Har agogon bango ka sayo. Kai da ko ɗaurin aurenka sai da aka shafa fatiha ka iso!

Na san inda ka kwaso wannan. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kowane Bazazzage yake jin kansa farfesa, ko da iyakarsa bakin ƙofar Samaru wurin mai shayi. Ka ji an ce lauyoyin Ingila da awa suke cajin mutane, shi ke nan kai ma ka ɗauka.

To ai kakanninmu sun gama wannan gardamar tun a gona. Akwai jinga, akwai aikin yini. Ɗan jinga kafin hantsi ya dubi ludayi ya kai ƙarshen kunya. Ɗan yini kuwa, fartanyarsa ba ta rabo da fita daga ƙota.

Ga kwamfuta ta kunnu amma ta ƙi kawo hoto. Yaronmu na titin Beirut zai kifa ta, ya kwance noti, ya zare RAM, ya goge bakinsa da kilinar fensir, ya hure ƙurar hunturu, ya mayar. Minti 10 ta tashi. Kai kuwa sai ka gyara tabarau, ka buɗe YouTube, ka kira abokin shawara, awa 3 ta wuce. A lissafin allonka kuɗinka ya ninka nasa sau 18, alhali shi ya iya. Wannan ai ladan nawa ne, kuma a nawa babu mai kama ƙafarku.

Sai ɗora Windows. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu neman a ɗora musu 11 ba sa yankewa. Mene ne aikin? Ka soka filasha, ka danna nan da can, ka harɗe kana kallon ɗigo-ɗigo suna zagaye. Huɗu za ka jera a benci ɗaya. Awa guda ke nan za ka sayar wa mutum huɗu? In an ɗauke wuta ana tsaka da aiki, batirin kuma mataccen ne, janareta ya ƙi tashi, wa zai biya? Lokacin sallar La'asar da hirar bayanta fa, agogon tsayawa yake yi?

Gaskiya ɗaya zan ba ka, kada ka saba. In shayi ya zube a ciki, ko cajar jabu ta ƙona wani abu a babban allon, ba mai sanin tsawon aikin. Ana iya kama cutar da mita cikin rabin awa, ana iya kwana biyu ana bin layi. Wanda ya yanka jinga ido rufe a nan ya yanki kansa, shi ya sa wasu ke guje wa wahalar su ce allon ya mutu, sai sabo. Mu abin da muke yi, a karɓi ɗan kuɗin dubawa, in an ga cutar a kira mai kaya a yanka jinga, kuɗin abin da za a canja daban. Ya yarda a yi, bai yarda ba ya ɗauki kayarsa.

Af, kwamfutata da ka karɓa tun ƙaramar Sallah ka ce batiri kawai za ka sauya. Tunda awa ake lissafawa yanzu, ni ma na fara ƙirga kuɗin haya. Ka ba direba ita a Kwangila gobe, ka haɗo da agogon a matsayin kafin alƙalami.