Alhaji Ba Ya Tsoro, Idonsa Ne Ke Ciwo

A Matazu ba a taɓa jin magidanci ya buɗe baki ya ce yana tsoron hawa babban titi da mota ba. Allah ya sawwaƙe. Ciwon ido dai akwai shi, kuma ciwo ne mai tarbiyya, ba ya tashi sai ranar da za a je Kano.

Da kaka abin ke farawa. An sayar da masara da waken suya, auduga ta yi kuɗi, sai ga Alhaji da Golf ko 406 a ƙofar gida. Yaron dillali ne ya tuƙo ta, amma wannan ba ya cikin labarin da ake bayarwa. Sati biyu a filin ƙwallon firamare tare da wani matashi da ya taɓa yin karen mota, karatu ya kammala. Daga nan Alhaji ya zama gwani. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a rataye ta taga, yana amsa gaisuwa da hon. Daga gida sai masallacin Juma'a, daga masallaci sai majalisa, in tafiya ta yi tafiya a leƙa Musawa. Awakin unguwa sun san motar, ba su ma tashi in ta taho. Giya ta huɗu kuwa tana nan sabuwa fil, yadda kamfani ya yi ta.

Sai katin ɗaurin aure ya zo daga Kano ko Zariya. Nan ake ganin baiwar da Allah ya yi wa mutanenmu ta ƙirƙirar uzuri. In ba ido ba, girma ne: "Haba, mutum kamata ya shiga gidan surukai yana tuƙa kansa?" Wani ya ce a kujerar baya ya fi samun natsuwar jan carbi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma aka samu uzurin da ba ya tsufa, sai a ce motar shan mai gare ta, gara a bi ta haya. Ban sa tsoron 'yan bindiga a wannan lissafi ba, don shi ba abin raha ba ne a yankinmu. Maganar wanda hanya lafiya lau, rana tsaka, amma ganin tirela a madubi ke kaɗa masa hanji nake yi.

Akwai ranar da uzuri ke ƙarewa, dole Alhaji ya kama sitiyari. Har Gidan Mutum Ɗaya lafiya, ana ta hira. Da an hau titin Katsina zuwa Kano sai hira ta mutu. Hannun da ke rataye a taga ya dawo ciki da kansa, rediyo ma a kashe shi, wai yana hana ganin hanya. Kuma motar Bahaushe ba ta da direba ɗaya. Kawu da ke gaba yana taka burkin da babu shi a gefensa, Hajiya a baya tana salati tana "Alhaji, a hankali don Allah", alhali mai keke ya wuce su tun a Tsanyawa. Aboki kuma yana zuga: "Taka ta mana, Alhaji, sai an shafa fatiha za mu isa?"

In aka dace da tagwayen titi, irin na Kano zuwa Zariya, sai Alhaji ya zaɓi layin hagu ya kafa zama a kilomita 40, don can ne nesa da 'yan acaɓa da masu tallar rake. Layin nan na masu wucewa ne. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, amma da alama sanarwar tana kan hanya, ba ta iso wa wasu ba. Mai DAF ya danna masa hon a ƙeya, Alhaji ya kunna abin share gilashi maimakon sigina.

Cikin Kano kuwa ba a maganarsa. Gadar Ƙofar Nassarawa, ga ta Dangi mai hanya sama da ƙasa, ga 'yan KAROTA da ke gane baƙo tun daga yadda ya riƙe sitiyari. Masu wayo a Dawanau suke ajiye motar a gidan mai, su ba yaro na goro ya kula da ita, su hau A Daidaita Sahu. Da yamma a dawo a ɗauke ta. Gobe a majalisa ka ji ana cewa, "Ai tuƙin Kano ba wani abu ba ne, dabara ce kawai." Gaskiya ya faɗa.

Duk da haka in za a ba ni zaɓi, motar Alhaji zan shiga, ba ta ɗan'uwansa da bai san tsoro ba. Shi wannan matashi ne mai Sharon, laya na lilo a jikin madubi, yana cin kwana yana amsa waya. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga ƙaramar mota a tagwayen titi, 90 ga motar haya, 60 ga tirela da tanka. Shi a wurinsa waɗannan lambobin na ɗumama inji ne. Ka yi magana ya ce a Jamus akwai titin da babu ƙa'idar gudu. Akwai, amma ba a shanya masara a gefensa, kuma shanu ba su ƙetarawa. Ka ƙara magana ya ce in kwana ya ƙare ko a gado ne. Bel ɗinsa kuwa ba na tsira ba ne, na gaisawa da jami'ai ne: in ya hango su ya jawo ya riƙe da hannu, in ya wuce ya saki.

Maganin ciwon Alhaji ba ɓoyayye ba ne. A fita bayan asuba kafin manyan motoci su yi yawa, da direban da ya san hanya a gefe, yau a tsaya Kankiya, wani satin a ƙara gaba. A bar tazara, a zauna layin dama, a tuna madubi ba don gyaran hula kaɗai aka sa shi ba. A Ingila sai a 2018 aka yarda mai koyo ya hau babban titin gudu da suke kira motorway, shi ma sai da malami a gefe da mota mai burki biyu. Matsalar ita ce duk wannan yana buƙatar mutum ya yarda shi ɗan koyo ne. Magidanci mai mata biyu da gonaki uku ya manna jan "L" a bayan mota ya ratsa kasuwa? Gara a ce ya yi asarar buhu goma.

A wani gida dai an samu mafita. 'Yar gidan da ke jami'a ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta manna "L" ɗinta ba kunya, ta karɓi lasisi. Ita ke kai Baba Funtua, ta bi ta Giwa ta sauke shi Zariya, yana kujerar baya ya riƙe ƙofa gam yana ba da umarni. In ya dawo majalisa sai ya gyara zama ya ce, "Yarinyar nan hannuna ta ɗauko."