Bayani a Kan Bangon Aji da Hukunce-Hukuncensa

Ka sani, ya kai mai neman sani, aji bango huɗu gare shi, kuma masana sun yi saɓani a kan uku. Na huɗun na allo ne, ba a jayayya a kansa.

Mazhaba ta farko ta masu liƙe-liƙe ce. A wurinsu, duk inda siminti ya leƙo to ilimi ya zube. Mabiyanta sun fi yawa a makarantun kuɗi, inda ake zana tuffa da jirgin ruwa da ɓeran nan na Amurka mai jan wando, galibi a bangon waje, domin ɗalibin da ake nufi shi ne uban yaro mai wucewa a babur. Na ciki kuwa ana ɗaga shi daidai idon sufeto. Ɗan shekara biyar in ya girma ya tarar.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka auna wannan mazhaba da ƙananan yara 24. Aka koyar da su a ɗaki mai ado, aka koyar da su a ɗaki fayau. A mai adon sun fi ƙura wa bango ido, makinsu kuma ya ragu. Ashe bango kishiyar malama ne.

Nan 'yan mazhaba ta biyu, masu bango tsirara, suka yi hamdala, don sun daɗe a kan wannan tafarki ba su san bincike suke yi ba. Murnar ba ta yi nisa ba. A 2015 Jami'ar Salford ta Ingila ta duba azuzuwa 153 a makarantu 27, ta ce ado tsaka-tsaki ake so, kuma tsarin aji na da hannu a kashi 16 cikin 100 na bambancin cigaban yara. Kusan rabin wannan daga haske da iska da yanayin zafi yake. A nan ba a bar mu a baya ba: ajin da guguwar farkon damina ta yaye wa kwano ya cika sharaɗi biyu a dare ɗaya. Na ukun an kafa masa kwamiti.

Saura mas'alar zama. A 1907 Mariya Montessori ta buɗe gidan yaranta a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, ta shar'anta kujera ta zama daidai yaro, marar nauyi, yadda zai iya ɗauka da kansa. Yaranmu sun zarce haka, wasu tun daga gida suke ɗauko tasu a ka. Wanda ba shi da ita ya zauna a ƙasa, wadda har yau ba a sami yaron da ta yi wa tsawo ba.